Ruwan da Ya Biyo Arzika Gida

Arzika yayana ne, ɗan Sarkawan Yauri.
Tun yana shekara bakwai yake tuƙi.
Ni kuwa aikina ƙwarya,
in duƙa a gindin jirgi ina kwarfar ruwa.

Bana, bayan an yanke shinkafar fadama,
numfashinsa ya gajarta.
Ya daina kwanciya sai jingine da buhu.
Ciki ya ɗaure tamau kamar tandu,
hannuwa sun koma sillen kara.
Zazzaɓi da la'asar,
gumi da tsakar dare har tabarma ta jiƙe.

Inna Hassi ta ce mutanen ruwa ne,
ya jefa taru inda ba a jefawa.
An jiƙa sassaƙe, an turara garwashi.
Ciki bai saurari kowa ba.

A asibiti likita Suwaiba ta ɗora yatsa a haƙarƙarinsa
tana ƙwanƙwasawa.
Sama na amsawa kamar ƙwaryar da ba kome,
ƙasa kuwa dum, kamar tulun da aka cika.
Hoto ya nuna ruwa wuri uku:
gefen huhu, kewayen zuciya, cikin ciki.

Ta ce da ni, ka taɓa ɓare dafaffen ƙwai?
Ka ga tantanin da ke bayan ɓawo?
Huhu na sanye da irinsa, ninki biyu.
Zuciya na da jakarta,
hanji da hanta na da mayafinsu.
Tsakanin ninki da ninki ɗan danshi ne kawai,
don kada motsi ya zama gugar juna.
Ranar da tantani ya harzuƙa ya kumbura
sai ya yi ta tsattsafo
fiye da abin da jiki ke iya shanyewa.

Na ce, to wa ya tsokane shi?

Ta ce, ɗaki uku a dare ɗaya,
ɓarawo ɗaya za ka nema.
A ƙasar nan na fi zargin tarin fuka,
yakan bar huhu ya bi jini ya laɓe.
Wani kuma dakarun jikinsa ne ke rikicewa
su far wa 'yan gida kamar baƙi.
Wani ƙoda ce ta gaji da tata,
datti ya taru yana cin tantani.
Akwai daji.
Wannan ta faɗe shi a hankali,
tana duban takarda.

Aka soka allura tsakanin haƙarƙari.
Ruwa ya biyo roba, launin man gyaɗa,
kwalba ɗaya, ta biyu ta kai wuya.
Arzika ya ja iska har ƙasa,
irin jan da ya manta da shi tun kaka.
Na ce alhamdu lillahi, an gama.

Ta dube ni ta ce, kai mai kwarfa,
in ka kwarfe jirgi tas
yoyo ya daina ke nan?

Ban ce kome ba.
Na san daren da muka kwana tsakiyar Kwara
ina kwarfa, ruwa na dawowa,
sai da gari ya waye muka ga tsagar.

Aka aika ruwan Birnin Kebbi.
Kwana tara muna ƙirga motocin tasha.
Tarin fuka ne,
ga mutumin da bai yi tarin kirki ba.
Ƙwaya kowace safiya, wata shida, ba fashi.
Fitsari zai yi ja, in ji ta, kada ku firgita.
Mu ma ta sa an duba mu, har yara.

Yau wata huɗu.
Ya ƙara huda a ɗamararsa, sannan ya koma tsohuwar.
Inna Hassi na nan kan bakanta, turarenta ne ya ci,
ba wanda ya yi mata musu.

Yana zaune bakin gaɓa yana ɗinkin koma,
yana yi mini tsawa wai na karkace tuƙi.
In na fito da jirgi kan yashi
ba ya tambayar kifi.
Sai ya tashi, ya kife shi,
ya bi kowane haɗin katako da babban yatsa.